Rodi a Ƙugun Ɗan Fari

Waɗanda ke tsakar gidan a safiyar nan ba su da yawa, har yau ina iya jera su. Akwai ni. Akwai ƙanin marigayi maigidana, wanda kowa ke ce wa Malam. Akwai surukata, kwananta tara da haihuwa, tana bakin ƙofar ɗakinta da kwanon kunun kanwa. Akwai maƙwabta biyu da suka zo taya ɗaga jinka, ɗaya manomi, ɗaya tsohon maharbi. Sai shi kansa, ɗana na fari, yana bisa rumbu.

To, ga shi na ce ɗana na fari. Kafin ranar nan bakina bai taɓa furta haka ba. Mu asalinmu mutanen shanu ne. Fillancin ya bar bakinmu tun zamanin kakanni, amma kunyar ba ta bar mu ba. A wurinmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, in an tambaye ta sai ta ce ɗan wance ne. Ranar da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ya tashi yana ce mini Adda, kamar yayarsa. Ya haura shekara arba'in muna gida ɗaya, in ina da magana da shi sai in dubi bango in ce, “A faɗa wa mutanen gidan nan kaza.” Shi kuma ya amsa wa bangon.

Gefen rumbun akwai harsashin ɗakin bulo da ya fara ginawa ya dakata, da rodi huɗu a tsaye a kusurwa, sun yi tsatsa. Sau nawa na ce, “Ya kamata wani ya lanƙwashe ƙarafan can.” Da yake wani na ce, wani bai yi ba.

An kwashe masara, an cika rumbun, saura a ɗora sabon jinka. Su uku suna turawa daga ƙasa, shi yana ja daga sama. Raɓa ba ta gama bushewa ba. Ban ga santsin ba, na dai ji ƙara kamar an yar da buhu, na waiwaya na gan shi zaune a kan harsashin, zaman da ba na mutum mai lafiya ba. Rodi ɗaya ya shige ta ɗuwawunsa na hagu, ya yi sama a karkace wajen ƙugu. Bai yi ihu ba. Ya ce, “Malam, ƙafata ba ta nan.” Alhali ga ƙafar muna kallonta.

Ni ce mai cire ƙaya a unguwarmu. Ƙaya, sartse, kwalba, duk wanda ya taka wurina ake kawo shi, kuma abin da na sani ɗaya ne: abin da ya shiga nama, a fitar da shi kafin ya yi ruwa. Na ce, “Ku ɗaga shi mana, ku zare shi daga ƙarfen!”

Malam ya kama kafaɗarsa zai ɗaga. Maharbin nan ya buge masa hannu.

“Hajiya, kar a zare. Na sha ganin gada ta yi tafiya mai nisa da mashi a jiki, ana zarewa ta faɗi.”

“Gada ka gani a nan?”

“Ko ma dai mene ne, jini iri ɗaya ne. Ƙarfen ne ya toshe.”

Na bar su, ba don na yarda ba. Aka hau babur aka ɗauko mai walda daga Dandume. Ya zo da zarto, ya durƙusa yana yankan rodin daga gindi, ɗaya na zuba ruwa kada ƙarfen ya yi zafi, biyu na riƙe da shi kada ya motsa. Duk jan zarto sai in ga leɓensa ya yi rawa. Ina tsaye kamar taku biyar daga wurin, hannuwana a cikin zane. Surukata na kuka da jaririya a kafaɗa, na ce ta koma ɗaki, mai jego ba ta tsayuwa a iska.

Aka samu a-kori-kura mai ɗaukar masara, aka shimfiɗa katifa, aka kwantar da shi a kan gefensa na dama, guntun rodin na leƙe ta baya kamar tsawon tafin hannu. Malam ya ce, “Hajiya, shiga. Ba wata macen da za ta je.” Na shiga gaba, Malam da maƙwabtan suka hau baya. Ban waiwaya ba har Funtua, amma duk ramin da motar ta faɗa, a ƙuguna nake jin sa.

A Funtua na ce to, an zo wurin masu ilimi, yanzu za a zare. Sai na ga sun sa masa ruwa a hannu, sun yi masa allurai, sun ɗauko auduga da bandeji suna naɗe ƙarfen, suna tokare shi ta ko'ina, sai ka ce ƙarfen ne ya ji ciwo. Na ce da Malam, “Tambaye su, sun san ko wane ne majinyacin?” Likitan ya ji ni. Ya ce, “Mama, wannan ba a taɓa shi sai inda akwai masu aikin hanji da masu aikin ƙashin baya a ɗaki ɗaya. Ku wuce Zariya yanzu.” Hanji kuma? Ni dai na san baya ne ya ji ciwo.

Mun isa babban asibitin Zariya wajen azahar. Aka shiga da shi ɗaukar hoto, aka fito, aka sake shiga. Aka sa masa robar fitsari, na kau da kai. Wani ya zo ya ce ana neman jini, ya tafi da Malam da maƙwabtan nan biyu wani gini can baya. Aka bar ni a benci ni kaɗai, shi kuma yana kan gado mai taya a bayan labule, allura ta ɗauke shi, ba ya gane kowa.

Sai ga wata likita, yarinya ce, da takarda a hannu. Hausarta irin ta wanda ya koya da girma. Bencin cike yake da mutane, har da maza.

“Mama, ke ce mahaifiyarsa?”

Na ja mayafi na rufe baki. Na ce, “A'a. Ɗan tsohuwar gidanmu ne.”

“Ina tsohuwar?”

“Ta rasu.”

“Babansa?”

“Ya rasu.”

“Matarsa fa?”

“Tana gida, jego take.”

“To wa ya kawo shi?”

“Baffansa. An tafi da shi wurin jini.”

Ta ce Allah sarki, ta yi mini sannu da taimako, ta juya da sauri. Ni a raina na ce yarinyar nan tana da ladabi. Ban yi ƙarya ba a ganina. Amsar da uwata ta ba mutane a kan yayana ke nan, amsar da kowace mace a ƙauyenmu za ta bayar ke nan, kuma duk wanda ya ji ya san abin da ake nufi. Na ɗauka ita ma ta sani.

Na zauna ina jira. Na ga ta wuce sau biyu tana waige-waige. Na ga wasu masu koren kaya sun leƙo, sun dubi gadon, sun dubi agogo, sun koma. Ni na zaci haka asibiti yake, ana jira ne kawai. Ban san tsawon lokacin ba, ba na karanta agogo. Inuwar ginshiƙin da ke gabana dai tana kan yatsun ƙafata sa'ad da yarinyar ta tambaye ni, kuma sai da ta hau har gwiwata.

Wata nas ce ta gane, babbar mace mai furfura a gefen ɗankwali. Ta ɗaga labule ta dubi fuskarsa, ta saki, ta zo ta tsaya a kaina tana kallon tawa.

“Hajiya, ɗan fari ne ko?”

Na sunkuyar da kai.

“Innalillahi! Ana can ana ta neman danginsa gini-gini, ashe uwarsa na nan zaune ta naɗe ƙafa! Baiwar Allah, kunyar nan ki ajiye ta a bakin ƙofa, in kin fito kya ɗauki abarki, ba mai sace miki. Ke ake jira!”

“Ni? Me zan yi? Ni ba likita ba ce.”

“Hannu za ki sa. Taso.”

Ba wanda ya taɓa yi mini tsawa irin wannan tun rasuwar uwar mijina. Na tashi na bi ta.

Aka kai ni wani ɗan ɗaki. Babban likitan dogo ne, Bakatsine ne daga jin bakinsa. Ya ɗaga hoto baƙi a jikin fitila, ya nuna mini wani farin layi ya ce rodin ke nan. Ni ban ga mutum a hoton ba, na ga kamar ƙasusuwan da ake bari a kwano.

Ya ce, “Hajiya, ki saurare ni da kyau, lokaci ya tafi. Ƙarfen ya fasa gefen ƙashin ƙugu, ya huda hanji, bakinsa ya je ya tsaya a gindin ƙashin baya, inda jijiyoyin ƙafa da na fitsari suke fitowa. Za mu buɗe cikinsa ta gaba.”

“Ta gaba? Ciwon a baya yake.”

“A baya ya shiga, amma ɓarnar a ciki take. In kara ya huda bango ya soki buhun gero a cikin ɗaki, ba ta ƙofa za ki shiga ki riƙe buhun ba kafin a ja karan ta waje? Sai mun ga manyan hanyoyin jini da idonmu, mun riƙe su, sannan a zare a hankali.”

Wannan na ɗan gane. Abin da ya biyo baya ne ban gane ba. Ya ce in sun ɗinke hanjin, ba za su bar bayan gida ya bi ta wurin ɗinkin ba. Za su fito da bakin hanji ta gefen ciki, a manna leda, nan zai riƙa zuba.

Na ce, “Maimaita.”

Ya maimaita.

“Magidanci, mai 'ya'ya shida, wanda ke jan salla in liman ba ya nan, shi za a rataya wa kashinsa a ciki? Ku da kuka ce gyara za ku yi?”

“Na ɗan lokaci ne. In ciki ya warke, bayan wasu watanni, a mayar.”

“Sallarsa fa?”

“Mai lalura yana salla, Hajiya. Malamai sun san wannan.”

“Ƙafar fa? Zai taka?”

Ya ce, “Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. In mun gama da ciki, mai aikin ƙashin baya zai wanke wurin, ya cire abin da ke danne jijiya. Wadda ta ƙuje tana iya farfaɗowa. Wadda ta tsinke, sai yadda Allah ya yi.”

“In na ce a'a fa? A zare ƙarfen kawai, a ɗinke, mu tafi gida?”

“Ƙazanta na zuba a cikinsa tun safe. Ba zai kai jibi ba.”

Na dubi nas ɗin, ta dube ni. Na nemi Malam da ido, babu Malam. Ni da ko akuya ba a sayarwa a gidan da izinina, yau ni ake tambaya ko a tsaga mutum. Yarinyar likitan nan ta dawo tana haki, ta riƙe biro, ta ce sai na faɗi ko ni wace ce a wurinsa ta rubuta. Nas ta ce, “Da baki, Hajiya. Ba a rubuta sunkuyar da kai.”

Na ce, “Ni na haife shi.”

Aka shafa mini tawada a babban yatsa, na dangwala. Kafin in goge yatsan sun tura gadon sun shige.

Sai ga Malam, da auduga a lanƙwashe a hannu, leɓensa ya yi fari. Ashe bayan an ɗebi jininsa jiri ya kwashe shi, aka kwantar da shi a wani ɗaki, shi ya sa aka yi ta nema ba a gan shi ba. Da nas ta ba shi labari ya tafa hannu.

“Hajiya, ke dai ko gobara ce ta kama zanenki, sai kin ce a faɗa wa mutanen gidan nan ana ƙauri.”

“Kai da ka suma don an ɗebi jini cikin leda, kai ne mai bakin magana?”

“Ni na suma ne, ke kuwa da idonki biyu.”

Muka yi la'asar a barandar. Na idar ban san raka'a nawa na yi ba, na sake. Ina ta juya abin a raina: ta gaba za a shiga don ciwon baya, a naɗe ƙarfe kada ya motsa sannan a zare shi, a huda ciki don a gyara hujin ciki. Kowanne in likita ya faɗa sai ya zauna daidai, in na maimaita wa kaina sai ya wargaje. Ƙarƙashin duk wannan kuma ga inuwar nan da ta hau daga yatsuna zuwa gwiwa.

Bayan magariba likitan ya fito, hularsa ta jiƙe da gumi. Ya ce yana da rai, jini ya tsaya. Wani ya biyo shi da faranti. Ga rodin a kwance, wanda ya shiga jiki ya kai daga wuyan hannuna zuwa kusa da gwiwar hannu. Kusa da shi akwai wani ɗan ƙyalle baƙi. Likita ya ce guntun wandonsa ne, ƙarfen ya tura shi har gindin ƙashin baya, kuma da an zare a gida, ko da jini bai kashe shi ba, ƙyallen nan zai ruɓe a ciki. Maharbi ya gyara tsayuwa yana kallona. Na yi kamar ban gan shi ba.

Sannan likita ya ce sun kwashe ɓaraguzan ƙashi, amma akwai ɗan ƙarami ɗaya da suka bari.

“Kun bari? Kun manta da shi?”

“Da gangan. Ya lafe a jikin jijiya. In muka tono shi, ɓarnar da za mu yi ta fi wadda yake yi.”

“Ni shekara hamsin ina cire ƙaya. Abin da aka bari a nama ruwa yake yi.”

“Ƙashinsa ne, Hajiya, ba baƙo ba ne. Za mu sa ido, ga magani kuma yana shiga.”

Ɗazu an ce ƙyalle in an bari zai kashe shi, yanzu an ce ƙashi in an cire zai gurgunta shi. Na rasa inda zan ajiye wannan. Sai na yi tambayar da ke cina, ban dube shi ba.

“Da an shiga da shi tun da wuri fa?”

Ya ce jijiya tun faɗuwar ta samu abin da ta samu. Hanji kuwa, gaskiya duk jinkiri ba ya yi masa kyau, amma sun wanke cikin sosai, kuma ko da na sa hannu da wuri, sai sun jira jinin ya iso. Nas ɗin, da na tambaye ta a gefe, cewa ta yi, “Ya wuce, ki yi addu'a.” Malam ya ce ƙaddara ce. Amsa uku, kuma har yau ban san wace ce ta gaskiya ba, wace ce ta lallashin tsohuwa.

Washegari da hantsi aka ce mutum ɗaya ya shiga. Malam ya miƙe, na riga shi.

Yana kwance, roba a hanci, roba a hannu, wata ta fito daga gefen ciki, ga ledar nan an rufa mata zane. Idonsa biyu. Da ya gan ni ya yi ƙoƙarin jan zanen ya ƙara rufewa, ya juya fuska wajen bango. An ce ko ruwa kada a ba shi. Na tsaya ban san abin da ake yi da hannu ba. Sai na ga ƙafafunsa sun leƙo ta ƙarshen gado, har yanzu da jar ƙasar rumbu a tsakanin yatsu. Duk wankin da suka yi wa cikinsa, ba wanda ya tuna da ƙafa.

Na roƙi nas roba da ruwa, na yage gefen tsohon ɗankwalina. Na kama ta dama. Ruwan na taɓa ta yatsun suka noƙe.

“Adda, da sanyi,” ya ce da bangon.

Na wanke ta tas, na goge. Na koma ta hagu. Na zuba ruwa, na cuɗa diddige, na bi yatsun ɗaya-ɗaya, na matsa babban da farce yadda nake yi in ina neman bakin ƙaya. Ina kallon fuskarsa. Ƙafar na hannuna, nauyinta kamar na taɓarya.

Ya ce, “An gama?”

Na ce, “Ban gama ba. Saura ta hagunka. Ka kwanta, bari in samo mai ɗumi.”

Ya juyo ya dube ni, don bai saba jin na ce masa ka ba. Na ɗauki robar na fita neman inda ake dafa ruwa.